Neman shawara: sakamakon ƙanina ya ɓace tun aji biyu, yanzu an ce sai ya maimaita shekara

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don Allah a ɗora min wannan, amma a sakaya sunana.

Ni 'yar Bauchi ce, ta wajen Ƙofar Ran. Ɗinki nake yi, in an samu biki ko suna kuma in karɓi aikin masa. Tun da Baba ya rasu ni nake riƙe da karatun ƙanina, shi kaɗai ne namiji a ɗakinmu. Yana karatun injiniya a ɗaya daga cikin manyan jami'o'in tarayyar nan da ake ji da su, tafiyar yini guda daga nan. Ba zan kama sunanta ba. Ya daɗe a gida yana bin JAMB kafin Allah ya ba shi, ya shiga bayan korona. Yanzu yana aji biyar, zango na biyu, furojet ne da 'yan kwasa-kwasai suka rage masa.

Daren jiya ya kira ni, daga sallamarsa na san ba lafiya ba. Wai an fara tantance waɗanda za su fita bana, sai jami'in jarrabawa na sashensu ya kira shi ya ce akwai kwas ɗin lissafi na aji biyu da babu sakamakonsa. Ba ci, ba faɗuwa, gurbin a wofi yake. Ya rantse min da Allah ya zauna jarrabawar, ita ce wadda suka yi bayan an janye yajin aikin 2022. Ya ce tun a lokacin ya lura, ya je ya faɗa wa malamin da ke kula da ajinsu, malamin ya ce ya je abinsa za a duba. Shi ke nan ya saki jiki. Malamin kuwa yanzu yana ƙasar waje yana ƙaro karatu.

Abin da ya tayar min da hankali, kwas ɗin na zango na ɗaya ne, ba za a sake koyar da shi ba sai baɗi. Ke nan abokansa za su fita su bar shi, mu sake biyan kuɗin rajista da na ɗaki saboda kwas ɗaya tal. Ga shi wata tara ya rage ya cika shekara 30, ya ce in ya maimaita bautar ƙasa ta wuce shi.

Yanzu magana uku ce a gabana. Wani mutum a can makarantar ya same shi ya ce a kawo naira 150,000, shi zai sa a shigar da maki. Ina da adashin da zan kwasa ƙarshen wata, zai kai. Kawunmu kuma ya ce akwai wani babba da ya sani a Abuja, waya ɗaya zai buga a gama. Shi kuwa yaron cewa yake a bar shi kawai ya maimaita, ya gaji. Inna ba ta sani ba, mai hawan jini ce, kullum lissafin ranar dawowarsa take yi. Ni a sakandare na tsaya, ban san kan abin nan ba. Don Allah waɗanda suka sani ku ba ni shawara.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Allah ya biya ki wannan zumunci, Adda. Ni abu ɗaya zan ce, kada ki taɓa adashin nan tukuna. Ki jira masu sanin abin su zo.

Ɗan Yelwa: Adda ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, ni ɗalibi ne kuma na san halinmu. Ba duk wanda ya ce sakamakonsa ya ɓata ne ya ɓata ɗin ba. Wani bai yi rajistar kwas ɗin ba, ya shiga ya rubuta a banza. Wani makara ya yi aka hana shi shiga, ya ji kunyar faɗa a gida. Wani kuma F ce ɓaro-ɓaro. Ban ce naki haka yake ba. Amma kafin ki tayar da Kawu, ki ce ya turo miki hoton fom ɗin rajistar kwasa-kwasai na wancan zangon mai sa hannun malamai, da katin jarrabawa, da takardar tes in an dawo musu da ita. In ya fara kame-kame kin gane.

Mai tambaya: Ban ji haushi ba ƙanina, gaskiya ka faɗa. Yanzu na tura masa saƙo.

Tsohon Ekzam Ofisa: Na riƙe wannan aikin a wani sashe na tsawon shekaru, bari in nuna miki yadda sakamako yake tafiya don ki san inda za a nema.

Galibi ɗaliban injiniya ba malaman sashensu ne ke koya musu lissafin aji biyu su kaɗai ba. Ana haɗa sassa da yawa a babban ɗakin lakca guda, ɗaruruwan yara, sau da yawa malaman sashen lissafi su ɗauke su. Bayan jarrabawa malami ya yi maki, ya shigar da lambar ɗalibi, ba da suna ba, sannan a rarraba: wannan na sashen lantarki, wannan na kanikanci, wannan na gine-gine. A wajen rabon nan ake zubar da mutane. Yaro ya rubuta lambarsa cikin gaggawa, 7 ta yi kama da 1, makinsa ya tafi kan lambar da ba ta da mai ita. Ko makin tes ya iso, na jarrabawa bai iso ba. Ko shafi guda ya maƙale a wani fayil. Ki kuma tuna lokacin. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu 2022, ba ta janye ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Da aka dawo kowa gudu yake a cike giɓi, malami yana makin wancan zango yana koyar da wannan, ga albashin watannin yajin an riƙe. A sashenmu mun daɗe muna gyaran ɓarnar wannan shekarar.

Abin da zai raba gardama shi ne takardar halarta, wadda kowane ɗalibi ke sa wa hannu a ɗakin jarrabawa. Ba a hannun malamin ajinsu take ba, don haka tafiyarsa waje ba ta kashe maganar ba. Tana sashen da ya koyar da kwas ɗin ko ofishin jarrabawa na tsangaya. In sunan ƙaninki da sa hannunsa suna ciki, nauyi ya koma kan makaranta, ita za ta nemo takardar amsarsa. In an same ta a duba maki a shigar. In ba a same ta ba, kuma ga shaida ya zauna, kowace jami'a da dokarta: wata ta shirya masa jarrabawar cike gurbi, wata ta kai maganar gaban majalisar jami'a. Ya ɗauko kundin dokokin ɗalibai da aka ba su a aji ɗaya ya karanta babin jarrabawa, ko da bai taɓa buɗe shi ba.

Laifinsa ɗaya ne, kuma babba: ya kai kuka da baki. Jami'a ba ta san maganar baka ba, takarda ta sani. Shekara uku yana ganin gurbi a wofi a fotal yana wucewa! Amma wannan faɗan ki ajiye shi sai ya dawo gida.

Baban Zahra: Malam duk abin da ka faɗa daidai ne a littafi, amma a Najeriya muke. Yaron nan zai rubuta wasiƙa ta yi ta kwana a kan tebur har a gama tantancewa. Ni shawarata a bar Kawu ya buga wayarsa. Ba cin hanci ba ne, alfarma ce, kuma haƙƙin yaron ake nema ba na wani ba. Wanda ba shi da kowa shi ke bin layi a ƙasar nan.

Hajiya Mai Ritaya: Alhaji, a ofishin magatakarda na yi aiki har na ajiye, na ga irin wayoyin nan da yawa. Bari in gaya maka abin da ke biyo bayansu. Babban ya kira shugaban jami'a ko mataimakinsa, shi ya kira shugaban tsangaya, shi kuma ya kira shugaban sashe, a ƙarshe maganar ta faɗo kan teburin jami'in jarrabawan nan da tun farko shi ya kamata a rubuta wa. Sai ya karɓe ta da fushi, don an kai ƙararsa sama ba a ko sallama masa ba. Kuma yaron nan furojet ɗinsa yana hannun mutanen sashen, su za su zauna masa ranar kare shi. Ka ga an sa masa ido a banza.

Sannan shugaban jami'a da kansa ba ya rubuta maki. Sakamako daga malami yake tashi, kwamitin malaman sashe ya zauna a kai, ya wuce na tsangaya, sannan sanet, wato majalisar jami'a, ta amince. Gyara ma ta nan yake bi. Shi ya sa mai neman 150,000 ɗin nan ɗayan biyu ne. Ko dai ɗan damfara ne da ya ga yaro a ruɗe, ya karɓe ya kashe waya. Ko kuma yana da wanda zai cusa maki a kwamfuta, alhali babban kundin da sanet ta amince da shi yana nan da gurbinsa a wofi. Ranar da za a haɗa sakamakon fita, ko ranar da ya nemi taranskirif, wato takardar cikakken sakamakonsa, bayan shekaru, a ga biyun sun saɓa. Daga nan magana ta tashi daga ɓatan sakamako ta koma maguɗi, hukuncinsa kora, kuma jami'a tana da ikon janye digirin da ta riga ta bayar.

'Yata, ga abin da zai yi. Wasiƙa shafi ɗaya, a buga ta, zuwa ga shugaban sashen da ya koyar da kwas ɗin, ta hannun shugaban sashensu, ta hannun jami'in jarrabawa. Sunansa, lambarsa, lambar kwas, shekarar karatu da zango, ranar jarrabawa da ɗakin da ya zauna in ya tuna. Ya roƙi a duba takardar halarta da takardar amsarsa. Kada ya zargi kowa, kada ya taɓa malamin da ya tafi, kada ya sa labarin maraici. Ya liƙa fotokwafin takardunsa, na asali ya riƙe abinsa. Ya yi kwafi biyu, sakatariya ta buga masa hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya ya tafi da shi. Bayan kwana biyu ko uku ya koma ya tambayi inda wasiƙar ta kwana, cikin ladabi. Ya riƙa gai da masinja da sakatariya kamar iyayensa, don su suka san teburin da kowace takarda take.

Kawu ku ajiye shi a gefe tukuna. In an yi wata guda da wasiƙa mai hatimi a hannu ba motsi, akwai shugaban tsangaya, akwai ofishin SERVICOM a jami'o'in tarayya don irin wannan koke, a waje kuma akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a da aka kafa tun 1975, tana da ofis a jihohi. A lokacin ne wayar Kawu za ta yi rana, domin babban zai ce a duba wasiƙa mai kwanan wata kaza, ba a taimaki yarona ba.

Baban Zahra: Hajiya na ji, amma wata guda ya yi yawa. In sanet ta zauna kan 'yan aji biyar kafin nan fa?

Hajiya Mai Ritaya: Jarrabawar ƙarshe ma ba su yi ba, Alhaji. Ko ta zauna, ana kai ragowar sunaye a zama na gaba. Amma na ba ka gaskiya a nan, sati biyu ya isa a hau mataki na sama.

Mai tambaya: Ya turo hotunan. A fom ɗin rajista kwas ɗin yana layi na uku, yunit 3, da sa hannu da hatimi. A katin jarrabawa akwai sa hannun mai tsaro da jan biro a gaban kwas ɗin. Takardar tes ya ce tana nan gida cikin jakar tsofaffin takardunsa a ƙarƙashin gado, sai Inna ta tafi unguwa zan bincika don kada ta tambaye ni. Na tambaye shi CGPA ɗinsa, wato matsakaicin makinsa gaba ɗaya, ya ce 3.46. Shin in shirya in je makarantar da kaina?

Ɗan Yelwa: To alhamdulillah Adda, yaronki mai gaskiya ne. Jan biron nan ya adana shi da kyau.

Injiniya Ɗan Azare: Adda, wannan 3.46 ita ce dalilin da ba za ki yarda da maganarsa ta a bar shi ya maimaita ba. A ma'aunin maki 5 da yawancin jami'o'inmu ke bi, 4.50 zuwa sama daraja ta ɗaya ce, 3.50 zuwa 4.49 shi ne 2:1 (daraja ta biyu ta sama), 2.40 zuwa 3.49 kuma 2:2 (daraja ta biyu ta ƙasa). Ƙaninki a bakin ƙofa yake tsaye. Ya tambayi jami'in jarrabawa ko an lissafa gurbin nan a matsayin F, don sau da yawa haka ake yi. In haka ne, mu ƙaddara ya ɗauki yunit 170 zuwa yanzu, jimillar makinsa wajen 588 ke nan. A ce B ya ci a kwas ɗin. B maki 4 ce, sau yunit 3, ya ba da 12. A raba 600 da 170, an samu 3.53, ya shiga 2:1. In kuwa maimaitawa ya yi ya ci B ɗin, a tsarin da aka fi bi sifilin farko ba ya gogewa, sai a raba 600 da 173, a samu 3.47. Ya ɓata shekara, kuma yana nan a 2:2. Duk wanda ya taɓa neman aiki a banki ko kamfanin mai, ko tallafin ƙaro karatu irin na PTDF, ya san abin da ke tsakanin biyun.

Bautar ƙasa kuwa kada ta hana ku barci. Dokar NYSC ranar kammala digiri take dubawa, ba ranar shiga sansani ba. Wanda ya haura 30 a ranar ana ba shi takardar ɗauke masa hidimar, kuma ana karɓarta wajen ɗaukar aiki. Abin da zai rasa shi ne alawus ɗin naira 77,000 a wata na shekara guda, da damar da wasu ke samu a riƙe su inda suka yi hidima. Asara ce, amma ba ta kai a sayi maki ba. Ya kuma duba ko sunansa yana cikin jerin JAMB na waɗanda aka ɗauka bisa ƙa'ida, don wannan ma yana tare mutane a ƙofar NYSC. Kuma kada wani ya ba shi shawarar rage shekaru, ranar haihuwar da ke WAEC da JAMB da NIN tana nan tana jiransa.

Abu Sumayya: 'Yar'uwa, ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓarta. Kuɗin gumin ki ne, na keken ɗinki da bakin tanda. Kada ki rufe karatun shekara biyar da wannan.

Sarkin Gardama: Ustaz ai wasu malamai sun yi sauƙi ga wanda aka danne wa haƙƙi, ba shi da hanyar karɓa sai ya bayar, suka ce zunubin yana kan mai karɓa. Ko ba haka ba?

Abu Sumayya: Haka ne, amma sharaɗin shi ne babu wata hanya, shi kuwa ko wasiƙa bai rubuta ba tukuna. Na biyu, mutumin nan ba cewa ya yi zai nemo makin yaron ba, cewa ya yi zai shigar da maki. Wane maki? Wanda zai ƙirƙira. Wannan ba haƙƙinsa ba ne.

Baba Na Jahun: Ni abin da ke ba ni mamaki, ga Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) nan a gida Bauchi tun 1980, an san ta da injiniya, amma yaranmu sai sun tsallake sun tafi neman suna. Da a harabarta ta Yelwa ko ta Gubi yake, da yanzu kin hau keke kin je kin gani da idonki.

Hajiya Mai Ritaya: Baba ko a nan yake ba ita za ta je ba, kuma wannan ita ce amsar tambayarki 'yata. Kada ki je. Jami'a ba firamare ba ce, da ɗalibinta take magana, ba da yayarsa ba. Mai shekara 29 a ga an rako shi ofis, girmansa ya zube. Kuɗin motar ki tura masa ya yi fotokwafi ya ci abinci.

Ummu Sudais: Adda ni abin nan ya taɓa samuna, a wata jami'ar daban, kwas ɗin GST na aji ɗaya, irin wanda kowane ɗalibi ke ɗauka. Bayan wasiƙa ta zagaya, aka haɗa ni da wani dattijon masinja ya buɗe wani ɗaki a bayan sashen. Takardun jarrabawa ne ɗauri-ɗauri har kusa da silin, kowane an ɗaure shi da igiya, an maƙala ɗan kwali an rubuta kwas da shekara, wasu beraye sun ci gefensu. Shi ke sauko da ɗauri yana kwancewa, ni ina tsaye a bakin ƙofa na rufe hanci da mayafi, don ba a barin ɗalibi ya taɓa. Tawa a cikin na wani sashe aka same ta, da makinta a sama an zagaye da biro, 58. Tun ranar farko an yi makin, shigarwa ce ba a yi ba. Ƙaninki ya yi sauri, don kowace jami'a da adadin shekarun da take ajiye takardun kafin a kwashe.

Amma ni ba takarda ce ta dame ni a labarinki ba, kalmarsa ce ta cewa ya gaji. Ke a gida ba za ki san yadda zangon ƙarshe yake ba. Kuɗin furojet kaɗai ya isa: kayan aiki, bugawa, ɗaurewa, malami ya ja jan layi a sake bugawa. Ɗakin da aka yi wa mutum huɗu a kwana takwas a ciki, ruwa sai an bi layi tun asuba, wuta ta ɗauke a koma aji da fitilar waya. Samari da yawa tsarin sifili-ɗaya-sifili suke yi, ba karin kumallo ba na dare, sai garin kwaki da rana. A kan wannan a ce maka ba za ka fita da abokanka ba. Ki riƙa kiransa kullum, ba don ki tambayi wasiƙa ba. Kuma kada ya yi sakaci da kwasa-kwasan da ke gabansa, don in ya faɗi ɗaya a cikinsu duk wahalar nan ta tashi a banza.

Inna kuwa ki bar ta tukuna. In an ga takardar halarta sai ki faɗa mata, labari da maganinsa tare.

Ɗan Yelwa: In ma abin ya ƙi ya zama dole ya maimaita, ya duba NELFUND, asusun bashin karatu na gwamnatin tarayya. Tun Mayun 2024 aka buɗe, suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, su ba ɗalibi naira 20,000 a wata, babu ruwa a kai, biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Ya shiga ofishin harkokin ɗalibai ya ji yadda tsarin yake a makarantarsu. Adashinki ya huta.

Mai tambaya: Salam, na dawo. Allah ya saka wa kowa da alheri. Na samo takardar tes, tana tsakanin wasu tsofaffin handawut da suka manne da juna, ya ci 21 cikin 30. Malam abin da ka faɗa na duba, lambarsa tana ƙarewa da 17, amma yadda ya rubuta ta ni ma 11 na karanta. Na tura masa hoto, ya yi shiru ya ce haka yake rubuta 7 in yana sauri. Ya kai wasiƙar yadda Hajiya ta tsara, an buga masa hatimi, shugaban sashensu ya sa hannu ta wuce. Jami'in jarrabawan ma ashe ba mugu ba ne, ya ce da tun aji uku ya rubuto da an gama. Kawu ya ɗan ji haushi da na ce ya dakata, na ba shi haƙuri.

Tsohon Ekzam Ofisa: Madalla. Ya koma ya faɗa wa jami'in jarrabawa maganar lambar nan da bakinsa, ya roƙi a duba takardar makin kwas ɗin ko akwai lamba mai ƙarewa da 11 da ta fito sau biyu, ko ta fito ba mai ita. In mai lambar 11 ɗin yana nan kuma a sashensu yake, za a ga maki biyu a kansa, malamin ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya. Sai a ciro takardun biyu a gwada rubutun hannu da suna. Ya haɗa da fotokwafin tes ɗin. In kuma kwas ɗin sharaɗi ne na lissafin aji uku, kuma aka bar shi ya yi rajistar na ukun ya ci, ya ambata, yana ƙara wa maganarsa nauyi. Ya tambayi ranar da kwamitin sashe zai zauna, don gyaran ya shiga wannan zaman.

Mai tambaya: To Malam, zan faɗa masa yanzu. Saura abu ɗaya. Mutumin nan mai 150,000 ya sake kiransa, wai ya rage zuwa 100,000, kuma in ba a kawo ba kafin Juma'a ba ruwansa. Yaron yana tsoron kada ya ɓata masa aiki in ya ji an bi ta ofis. Me zai ce masa?

Baban Zahra: Ya kai shi ƙara mana. Ai akwai sashen yaƙi da rashawa na ICPC a ma'aikatun tarayya, har da jami'o'i.

Hajiya Mai Ritaya: Akwai, Alhaji, amma ba wannan satin ba. Ya ajiye lambar da saƙonnin, kada ya goge ko ɗaya, in ya karɓi sakamakonsa a hannu sai ya yanke abin da zai yi da su. Yanzu dai ya ce masa yayarsa ba ta samu kuɗin ba, ya gode. Kada ya ambaci wasiƙa, kada ya ƙara ko kalma ɗaya a kai.